Sakataren Gari Uku

Duk sanda Muhsina ta tuna ranar da ta fara ganin Sabiru, sai ta rufe baki da gefen hijabi don kada a tambaye ta abin da ya ba ta dariya. Wayar babanta ta kai masa gyara a rumfarsa da ke bakin tashar Kazaure. Bai ko duba wayar ba ya shiga ba ta labarin kansa: wai har daga Nijar ake tsallako iyaka a kawo masa aiki, wai ya taɓa tayar da wayar da ta kwana cikin randa. Lasifika kawai ta kawo a duba. Da ta koma gida, lasifikar na nan yadda take, wayar kuma ta koma Faransanci.

Abin da ya biyo baya ne ya hana ta jin haushi. Da la'asar ya zo har ƙofar gidansu cikin ruwan sama, ya durƙusa a zaure ya kwance wayar. Nan ta ga cewa in Sabiru na aiki da gaske shiru yake yi, harshe tsakanin haƙora, hannunsa ba ya ko rawa. Wannan mai shirun ta so. Sai dai ba ya daɗewa.

Tun daga nan yake zuwa zance. Kullum in zai tafi sai ya riƙe kan babur ya ce, "Muhsina, in na turo magabatana, za ki amsa?"

Ita kuwa sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ka gaida mutanen gida."

Babanta, Malam Muhammadu Lawal, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya amma bai ajiye halin ofis ba. Abin da ya ce game da Sabiru bai da yawa: "Yaron nan bakinsa ya fi shi girma. Ba zan saurari kowa a kansa ba sai na ga inda ya tsaya."

A wannan shekarar aka ba Malam shugabancin kwamitin gasar kokawa ta bayan kaka. Babura, Roni da Gwiwa, kowa na son a yi ta a garinsa. Malam ya ce ba zai lamunci a riƙa kiran sa ana masa ihu a kunne ba. Kowace ƙungiya ta buɗe imel, ta rubuto abin da take so. Da yake tabaransa ya karye, ana jiran sabo daga Kano, Muhsina ce ke karanta masa saƙo, ita ke rubuta amsa.

Wata yamma Sabiru ya zo zance da sabuwar hula, ya zauna a dakali ya harɗe ƙafa.

"Kin san wa 'yan kokawar Roni suka naɗa sakatare?"

"Wa?"

"Ni. Na Gwiwa fa?"

"Wa?"

"Ni. Tambaye ni na Babura."

"Yaya Sabiru, ba sai na tambaya ba. Sun san da juna?"

"Ina za su sani? Kowa rantsar da ni ya yi in riƙe masa sirri. Na buɗe musu adireshi uku, na haɗa su duka cikin akwatin saƙona, a wayar nan. Ofis uku a aljihu ɗaya. Ki duba lissafin: duk garin da ya samu gasar, sakatarensa ne zai zauna kusa da Baba, shi zai riƙe lasifika. To wane ne sakataren? In Baba ya gan ni a kujerar nan, da kansa zai tambayi yaushe magabatana za su zo."

"Sauran garuruwa biyun fa?"

"Sai in yi musu jaje. Ni ne dai sakatarensu."

Saƙon farko da Malam ya sa ta rubuta na Roni ne, yana tambayar girman filinsu. Amsa ta dawo kafin a ɗauke kwanukan abincin rana. Muhsina ta buɗe, idonta ya faɗa kan layin da ke nuna mai aikowa, sai yawu ya sarƙe ta. Tun farkon zuwansa zance Sabiru ya raɗa wa adireshinsa na ƙashin kansa suna, ga shi nan ɓaro-ɓaro a saman wasiƙar ƙungiya: Sabirun Muhsina.

"Daga wa?" in ji Malam.

"Daga... maganar Roni ce, Baba."

"To me ya shaƙe ki? Karanta."

Ta karanta, kunnuwanta na zafi. Da yamma kuwa tun Sabiru bai kashe babur ba ta tare shi.

"Injiniya, yaushe na zama unguwa a Roni?"

Ya karɓi bayani, ya ɗan sosa ƙeya, ya shiga tonon wayarsa. Shirun nan da take so ya zo, ya yi kamar zai zauna, sai ya ɗago da murmushi.

"Ƙaramin abu ne, dama gwada ta nake yi. Manhajar imel ɗabi'a biyu gare ta. Ko dai ta amsa kowane saƙo da babban adireshinka, wanda ka sa a gaba, ko kuma ta duba ta wace ƙofa saƙo ya shigo, ta fitar da amsa ta wannan ƙofar. Tawa tana kan ta farko. Yanzu na juya ta. Wanda ya rubuto wa Roni, Roni ce za ta amsa. Sunan nan namu ma na cire shi daga gaba, na sa Babura a madadinsa. An gama."

"In saƙo ɗaya ya shigo ta ƙofa uku fa?"

"Ke da ba ki karanci injiniyanci ba, ina ruwanki da ƙofa?"

"Kai ka karanta?"

"A aikace."

"To ka riƙa duban layin sama kafin ka aika."

"Ni da na haɗa abu da hannuna, sai in tsaya ina leƙensa kamar baƙo?"

Malam ba ya son maimaita magana. Washegari ya ce ta rubuta saƙo guda, ta aika wa ƙungiyoyin uku a tare: kowa ya kawo dalilin da zai sa a ba garinsa gasar. Ya jero sunayen yadda suka zo masa, Gwiwa a farko, haka ta rubuta.

A wayar Sabiru saƙon ya sauka a dunƙule, guda ɗaya. Shi kuwa ya zauna a rumfa, ya kori masu jiran caji, ya amsa shi sau uku, kowace amsa da zuciyar garinta. Manhajar ta duba, ta ga adireshinsa uku a jere, ta ɗauki na farko ta liƙa wa duka.

Muhsina ta zauna a gefen tabarmar babanta ta fara karatu.

"Daga 'Yan Kokawar Gwiwa. Filinmu shimfiɗe yake kamar tabarmar masallaci, ga inuwa, ga kasuwa kusa."

"Madalla. Na gaba."

"Daga... 'Yan Kokawar Gwiwa. Filin Gwiwa ba fili ba ne, makwancin awaki ne. Duk wanda aka kayar a can sai an kwana ana cire masa ƙaya. A ba wa Roni."

Malam ya ajiye carbi. "Sake duba."

"Haka yake, Baba. Akwai na uku. Daga 'Yan Kokawar Gwiwa. Da Gwiwa da Roni duk ba su da inda za su saukar da baƙo. Babura ce gari. A ba wa Babura, a huta."

Malam ya dubi rufin zaure. "Na yi aiki da mutane iri-iri," in ji shi, "amma ban taɓa ganin garin da ya kai ƙarar kansa ba."

Ya ba da labarin a majalisarsu bayan la'asar, mai shayi ya ji, direbobin tasha suka ɗauka. Ranar kasuwar Gwiwa, Lado shugaban 'yan kokawa, ƙaton mutum da furfura a gemu, bai iya ratsa layin masu daddawa ba.

"Lado, an ce ka faɗi tun ba a kaɗa ganga ba."

"Lado, awakina za su samu wuri a filin naku, ko ya cika?"

A Roni, shugabansu Daudu ya ɗauko makaɗa aka zaga gari. A Babura, nasu shugaban, Halliru, ya aika wa 'yan kokawar tsallaken iyaka su fara shiri, masu canjin sefa, kuɗin Nijar, suka shiga share rumfa.

Sabiru ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Lado ya same shi a bakin kasuwa, ya ɗora masa hannu a kafaɗa, babur ɗin ya lotsa.

"Sakatare, mu muka ce filinmu na awaki ne?"

"Kutse aka yi mana, shugaba. Daga Roni. Na ga sawunsu a cikin na'ura."

"Sawu? Har ƙafa suke da ita a ciki?"

"Ta zamani. Ka bar ni da su."

A Roni ya ce wa Daudu, "Ka ga aikina? Ni na shiga cikinsu na sa suka yabe ku da bakinsu." Daudu ya ba shi zabo. A Babura ya faɗa wa Halliru irin wannan maganar, aka ɗaura masa buhun gero a bayan babur. Ya iso Kazaure da zabo a gaba, gero a baya, ya tsaya ƙofar gidan su Muhsina yana huci kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Yaya Sabiru, ka je ka faɗa wa Baba gaskiya tun abin bai yi nisa ba."

"Yanzu da nake cin nasara? Kin ga zabon nan? Shaida ce. Lado kaɗai ya rage in lallasa. Ba zan ƙara taɓa tsohon saƙon nan ba, shi ke da aljanu. Sabo fil zan rubuta, in wanke Gwiwa."

Ya rubuta sabo fil. Sabon saƙo kuwa ba amsa ba ne, babu ƙofar da ya shigo balle a fitar da shi ta nan, sai manhajar ta ɗauki adireshin da ke gaba, wanda Sabiru da kansa ya mayar na Babura.

Da safe Muhsina ta karanta wa babanta, muryarta na rawa saboda dariyar da take dannewa.

"Daga 'Yan Kokawar Babura. Mu mutanen Gwiwa muna nan daram. Duk wanda ya ce Babura ta fi mu, maƙaryaci ne. Filin Babura jikin kasuwar shanu yake, ƙudaje ne za su fi 'yan kallo yawa."

"To," in ji Malam. "Ciwon ya tsallaka Babura. Rubuta musu duka, su zo ƙofar gidan nan ranar Asabar da hantsi. Kowa ya zo da sakatarensa."

Ranar Asabar ƙofar gidan ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi, Lado da mutanensa a gabas, Daudu da makaɗansa a yamma, Halliru a tsakiya yana hura hanci. Maƙwabta suka fito da kujeru, mai shayi ya matso da teburinsa. Kowane shugaba ya bar gurbi a gefensa, kowa na waige yana jiran sakatare.

Muhsina na tsaye daga cikin zaure da wayar babanta a hannu. Daga nan ta hango shi: bayan darbejiyar tsallaken hanya, hula ta rufe gira, rabin fuskarsa kawai ke leƙowa. Ta san in abin ya fashe yau, maganarsu ta fashe tare da shi.

Malam ya ce ta karanta daga farko. Tana kaiwa kan awaki, mutanen Gwiwa suka miƙe.

"Roni ce ta yi mana kutse," in ji Lado.

"Mu?" in ji Daudu. "Mu da ko kutsen layin mai ba mu iya ba? Gaskiya ce ta kuɓuce muku."

"Ni maganar ƙudajen nan da ta iso min nake son a yi min bayani," in ji Halliru. "Ni da garina, da sunana, in zagi kaina?"

Sabiru ya ga wayar a hannun Muhsina, dabara ta faɗo masa. In ya aika saƙo ga adireshin Malam, ita za ta gani, ita kaɗai. Cikin gaggawa ya danna amsa a kan tsohon saƙon nan mai aljanu, ya rubuta, ya aika, bai dubi layin sama ba.

A daidai lokacin Malam ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro sabon tabarau.

"Miƙo wayar, Muhsina. Jiya da yamma aka kawo min shi, bari in gwada."

Wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa. Ya gyara zaman tabarau, ya nisanta wayar, ya matso da ita, ya karanta da muryar da yake karanta takardar ofis.

"Daga 'Yan Kokawar Gwiwa. Muhsina, hasken raina, ki rufa min asiri ki ce caji ya ƙare. In kin yi min wannan, ba zan ƙara cika baki ba. Naki har kullum."

Muhsina ta ji kamar ta shige cikin bangon zaure. Malam ya sauke tabarau kan karan hanci, ya dubi Lado ta sama.

"Malam Lado, hasken ranka?"

Lado ya dafe ƙirji da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, autata ta girme ta. Ni ko sunana ban iya rubutawa a waya ba. Sakatarenmu ke rubutu."

"Ina yake?"

Lado ya waiga, ya waiga, sai ya nuna tsallaken hanya. "Ga shi can bayan darbejiya."

"A'a," in ji Daudu. "Wancan namu ne. Zabona yana gidansa."

Halliru ya miƙe a hankali. "Wancan mai hular? Wanda na ɗaura wa gero?"

Ba a san wanda ya fara dariya ba, amma mai shayi sai da ya zauna a ƙasa. Aka rako Sabiru tsakiyar tabarmi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida kowa, sannan ya gyara murya.

"Baba, in aka duba da idon basira, wannan shaida ce ta irin amanar da garuruwa uku suka..."

"Sabiru," in ji Malam. "Yanzun nan ka rubuta ba za ka ƙara ba."

"Sharaɗin caji ne, Baba, kuma bai ƙare ba."

Lado ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi. "Ranka ya daɗe, a wurinmu duk wanda ya ɗauki sunan gari ya yi magana da shi, sai ya shiga fili ya kare sunan. Wannan ya ɗauki uku."

Akwai tarin yashi a ƙofar maƙwabcinsu da ke gini. Makaɗan Roni, da dama suke neman dalili, suka saki ganga. Sabiru ya dubi zaure, ya ga gefen hijabi, sai ya naɗe hannun riga.

"Ku sani dai, na taɓa kayar da wani a Maraɗi."

"Da imel?" in ji wani daga baya.

Lado ko hula bai cire ba. Ya ɗauke shi kamar damin dawa, ya juya da shi don kowa ya gani, ya ajiye shi a yashi da tausayi. "Ta Gwiwa ke nan."

Daudu ya shigo, gajere mai faɗi. Sabiru ya zagaya, ya zagaya, ya kai hannu, sai ya ga sama. "Ta Roni. Zabon kuma na bar maka, ka yi farfesun jinya."

Halliru yana fara cire agogo, Sabiru ya dube shi, ya dubi yashin, ya koma ya kwanta da kansa.

"Ta Babura kyauta ce, shugaba."

Da dariya ta lafa, Malam ya yanke hukunci. Tunda kowane fili an zage shi a rubuce, a Kazaure za a yi gasar. Ɗebo yashi, share fili da cire ƙaya, duk na tsohon sakatare ne, shi kaɗai. Adireshin kowace ƙungiya kuma a cire shi daga wayarsa yau, kafin kowa ya hau mota.

Jama'a suka watse suna maimaita maganar awaki. Sabiru ya rage a bakin zaure, yashi a gashi, yashi a kunne. Malam na kan kujerarsa yana goge tabarau da bakin riga.

"Ranar da 'yata ta shaƙe a kan wasiƙar Roni," in ji shi, "na kai wa maƙwabci wayar ya duba min layin sama. Na san Sabirun wa ya rubuto."

Sabiru ya sunkuyar da kai.

"Yanzu wane gari kake wakilta?"

"Babu ko ɗaya, Baba. Ni kaɗai ne."

"To shi nake son gani. Ba bana ba. In fili ya yi kyau, in kaka ta zagayo na ga mutum ɗaya da suna ɗaya, zan saurari magabatanka. In har akwai mai jiran ka zuwa lokacin."

Muhsina ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya sha, ya wanke fuska. Shirun nan ya sauko masa, wannan karon ya zauna. Can ya yi ƙasa da murya yadda yake zaton Malam ba zai ji ba.

"Na san ba za ki iya faɗa a nan ba. In akwai amsa, ki turo min ta imel."

"Don ta zo maka da sunan wa?"

Ta miƙe da kwanon a hannu. Ba ta dubi ƙasa ba, ba ta kuma rage murya ba, duk da babanta na zaune yana goge tabaran da tuni ya goge.

"Zan jira ka, Yaya Sabiru. Na yi alkawari. In kaka ta zagayo ka turo, ni da bakina zan amsa."